Injin yankan ciyawa mai juyi a tsaye: ya dace da farfajiyar gida a Legas?

Duk wanda ya taɓa tsayawa ya kalli mai ruwa yana juya kurarsa a lungun Agege ko Idi-Araba ya riga ya san yadda wannan injin yake tafiya, ko da bai taɓa ganinsa ba. Mai ruwa ba shi da sitiyari. In ya ƙara ƙarfi a hannun dama, kura ta karkata hagu. In ya tura da hannu ɗaya ya ja da ɗaya, sai ta juya a inda take tsaye ba tare da ta matsa gaba ko baya ba. Injin da dillalai ke kira ziro-ton haka yake. Kujera ce a tsakiya, sanda a dama, sanda a hagu, kowace sanda tana iko da tayar baya guda ɗaya. Ka tura su tare ya yi gaba, ka ja su tare ya yi baya, ka tura ɗaya ka ja ɗaya ya yi juyi a tsaye kamar majaujawa. Tayoyin gaba ƙanana ne irin na kujerar ofis, ba su da iko da komai, duk inda na baya suka nufa can suke bi.

Ba sabon abu ba ne. Kamfanin Hustler na jihar Kansas a Amurka ya fara sayar da irinsa tun 1964, yanzu kuma Toro da John Deere da Husqvarna da Cub Cadet da Ariens duk suna yin nasu. Abin da ya canza shi ne bidiyonsa ya cika waya, ana ganin mutum yana shawagi a kan fili kamar mai tuƙin jirgin ruwa, ciyawa na kwantawa layi-layi a bayansa. Daga nan sai mai gida a Lekki ko Magodo ya fara tambayar ko ya sa a ɗoro masa guda a kwantena. Amsar tana cikin tef ɗin awo kafin ta kai ga aljihu.

Fulotin Legas da aka saba da shi ƙafa 60 ne a 120, wajen murabba'in mita 670. Fuloti shida ke yin eka ɗaya, eka kuwa murabba'in mita 4,047 ce. Yanzu a cire inda ginin ya zauna, a cire wurin ajiye motoci da aka shimfiɗa wa intalok, a cire ɗakunan baya, ɗakin janareta, ƙafar tankin ruwa da ɗakin maigadi. Abin da ke saura wa ciyawa a yawancin gidajen fuloti ɗaya bai wuce murabba'in mita 100 zuwa 200 ba, shi ma a yanke yake: zirin nan a gefen katanga, ɗan da'ira a gaban ƙofa, wani yanki a baya inda ake shanya.

Sai lissafin injin. Ƙaramin da aka fi saya faɗin yankansa inci 42 ne, wato santimita 107. Da yake kowane layi yana ɗan hawa kan na baya, a ce santimita 95 yake ci. In ana tafiya a kilomita 8 a awa, a takarda zai share murabba'in mita 7,600, a aikace kuma bayan juye-juye da kauce-kauce wajen 6,000. Injin turawa mai inci 21, da tafiyar mutum ta kilomita 4 a awa, yana yin wajen 1,400. Bambancin ya haura ninki huɗu, kuma gaskiya ne, ba tallar dillali ba. Amma a ɗora shi a kan farfajiya mai murabba'in mita 200. Na turawa zai gama cikin minti goma. Ziro-ton zai gama cikin minti biyu ko uku, in har akwai miƙaƙƙen wurin da zai kai wannan gudun, wanda babu. Minti bakwai aka rage. Fito da shi daga gareji, duba baƙin mai, da kankare ƙasan kaskonsa, wato murfin ƙarfen da wuƙaƙe ke juyawa a cikinsa, bayan an gama, sun cinye minti bakwai ɗin har da ƙari. A eka biyu kuwa labari ya juya: kusan awa shida na turawa a zafin Legas sun koma ƙasa da awa ɗaya da rabi a zaune. A ganinmu, in ciyawa zalla ba ta kai murabba'in mita 2,000 ba, wato fuloti uku babu gini a kai, maganar ma ba ta taso ba. Ribarsa ta gaske daga eka ɗaya take farawa.

Akwai kuma ƙofa, wadda mutane ke mantawa da ita sai injin ya iso. Kaskon inci 42 tare da bakin da ciyawa ke fita yana cin sama da santimita 125. Ƙaramar ƙofar da ke shiga bayan gida, ko ratar da ke tsakanin bango da katanga inda aka jera injinan sanyaya ɗaki, sau da yawa mita ɗaya ce ko ƙasa da haka. Akwai mai inci 34 da aka yi don irin wannan matsi, amma in wuri ya matse har sai an nemi mai inci 34, to wurin na injin turawa ne tun farko.

Damina da tayar baya

Babbar matsalarsa a Legas ruwa ne. Damina tana kankama daga Afrilu, ta yi ƙarfi a Yuni da Yuli, ta ɗan lafa a Agusta, ta dawo a Satumba da Oktoba. A lokacin ne ciyawa ke tashi da sauri har sai an yanke ta duk mako, kuma a lokacin ne ƙasa ba ta bushewa. A ɓangaren Lekki da Ajah da Victoria Island, inda aka cike fadama da yashi, ruwan ƙasa yana kusa ƙwarai. Injin nan kuwa nauyinsa kilo 230 zuwa 300 ne kafin mutum ya hau, kuma mafi yawan nauyin a kan tayoyin baya yake domin injin yana bayan kujera.

A je a duba wurin da sabon direba ya yi juyi washegarin ruwan Yuni. Za a ga da'ira kamar faɗin faranti inda tayar ciki ta tsaya cak ta murza. Ciyawar ta tuge da saiwarta, ta naɗe gefe kamar tabarma, baƙar ƙasa ta fito tana ƙyalli. A ƙarshen kowane layi akwai irin wannan tabon, a jere. Ciyawar kafet da ta fi yawa a gidajen Legas saiwarta ba ta da zurfi, a saman ƙasa take yaɗo, saboda haka ta fi saurin tugewa. Wadda masu sayar da furanni ke kira bahama, mu kuma muka sani da ƙiri-ƙiri, ta fi jurewa kuma ta fi saurin rufe tabo, sai dai tana son rana sosai. Abin takaici shi ne duk inda ƙasa ta buɗe, aya-aya ce ke riga kowa kama wuri, ita kuwa in ta shiga fitar da ita aiki ne na shekara.

Maganin tabon yana hannun direba. Juyin a tsaye da injin ya yi suna da shi, ƙwararru ba su cika yin sa a kan ciyawa ba. Abin da suke yi shi ne su rage gudu kafin ƙarshen layi, su ɗan karkata gaba zuwa ɓangaren da za su koma, su ja sandunan biyu su ɗan yi baya suna daidaita hanci, sannan su shiga sabon layi. Ƙa'idar ita ce kada taya ɗaya ta tsaya yayin da ɗayar ke tafiya. Ko dai duka biyu suna gaba, ko duka suna baya, ko ɗaya tana gaba ɗayar tana baya, amma kowace tana juyawa. Sannan a riƙa canza alƙiblar layi, wannan makon gabas da yamma, mako mai zuwa kudu da arewa, don kada tayoyi su haƙa wa kansu hanya. Ko da an kiyaye duk wannan, ƙasar da ƙafar mutum ke nutsewa a cikinta ba ta hawuwa. A jira kwana ɗaya ko biyu. A Yuni kuwa kwana biyu babu ruwa sai an yi sa'a, nan ne injin turawa mai kilo 30 ke shiga ya fita lafiya, babban yana gareji.

Jiƙaƙƙiyar ciyawa tana da nata sharrin a ƙarƙashin kasko. Wuƙaƙen suna aiki da iska ne: gefensu a lanƙwashe yake, yana zuƙo ciyawa ta miƙe tsaye, a yanke ta, iska ta watso ta waje. In ciyawa na da ruwa sai ta manne a rufin kaskon. Ka ɗaga shi bayan aiki ka ga kore shar mai kaurin yatsu biyu, da ɗumi da warin tsami, kamar tukunyar da aka kwana ba a wanke ba. Iska ta daina zagayawa, yanka ya fara barin gezar ciyawa a tsakanin wuƙaƙe, bel yana santsi yana warin ƙuna. In an bar dattin nan ya kwana, danshinsa da iskar gishirin bakin teku su haɗu su ci ƙarfen. Kaskon da aka buga daga falle ɗaya kaurinsa wajen milimita 2 da ɗoriya ne. Wanda aka haɗa da walda yakan kai milimita 3 da rabi. Ga mai zama kusa da teku, na biyun ya fi, kuma ko wanne ne a kankare shi da katako ko cokalin magina duk ranar da aka yi aiki. Wanke shi da injin feshin mota mai ƙarfi kuskure ne, yana tura ruwa cikin boris ɗin da ke riƙe wuƙaƙe, bayan 'yan makonni a fara jin gurnani.

Gangara

Nan maganar ta wuce ta ciyawa, ta zama ta rai. Tun da tayoyin gaba ba su da iko, tuƙi da tsayawa duka a kan tayoyin baya suke. Yawancin irin na gida ba su da birkin ƙafa, sandunan ne birki, sai birkin ajiyewa. In ana gangarowa, nauyi yana komawa gaba, tayoyin baya su yi sako-sako. Da zarar ɗaya ta zame a jiƙaƙƙiyar ciyawa, tuƙi ya tafi, birki ya tafi, a lokaci guda. Jan sanda baya da ƙarfi ba ya ƙara komai sai zamewa.

Littattafan yawancin kamfanoni sun tsaya a digiri 15. Auna shi ba wuya: a sami katako mai tsawon mita ɗaya, a ɗora baki ɗaya a ƙasa ta saman gangarar, a ɗaga ɗaya bakin har ma'aunin ruwa na magina ya nuna ya daidaita, sai a auna daga bakin zuwa ƙasa. In ya kai santimita 27, an kai digiri 15. Da damina a ɗauki santimita 18, wajen digiri 10, a matsayin iyaka. Tsibirin Legas da Lekki shimfiɗe suke, amma akwai gidaje a Magodo da Ikorodu da wajejen Epe da ke kan gangara ta gaske. Ko a shimfiɗaɗɗen wuri ma akwai haɗarin da ya fi dacewa da Legas: bakin kwata, bakin kwalbati, gefen tafkin wanka, da gaɓar ruwa ga gidajen da ke kallon lagun, wato babban tafkin Legas. Ƙasar bakin irin waɗannan wurare tana zaftarewa a ƙarƙashin taya. A bar tazarar faɗin injin sau biyu, a ƙarasa da na turawa ko na zare, wato na hannu mai yanka da zaren roba. Murfin sokawe ma kada a yarda da shi. Silab ɗin da ya ɗauki mutum ba lallai ya ɗauki kilo 350 ba. Manyan samfura suna zuwa da baka na ƙarfe a bayan kujera da bel na ɗaure ƙugu. In bakan yana tsaye a ɗaura bel, in an kwantar da shi saboda rassan bishiya kada a ɗaura. Cub Cadet na yin wani mai sitiyari wanda tayoyin gabansa ke tuƙuwa, shi ya fi riƙe gangara, amma ƙarin sassa ne da za a nema in sun lalace.

Bakin wuƙar yana gudun da ya kai kusan kilomita 300 a awa. Tsakuwar da magina suka bari, guntun rodi, murfin kwalba, duk suna fita kamar harsashi. A gidan Legas kuwa gilashin falo da motar Hajiya ba su wuce taku biyar daga ciyawa ba. Kafin a tada inji a zaga a tsince fili, a juya bakin kasko ya kalli katanga, a shigar da yara ciki. Ɗaukar yaro a cinya don a faranta masa rai shi ne abu mafi muni da ake yi da injinan hawa, domin gobe zai biyo injin da gudu ta baya, inda direba ba ya gani.

Wa zai gyara shi?

Injin kansa ba abin tsoro ba ne. Yawanci mai silinda biyu ne na Kawasaki ko Kohler ko Briggs & Stratton, ƙarfin doki 18 zuwa 25, mai sanyaya kansa da iska. Bakaniken janareta mai hankali zai gane kabreta da fulogi da kwayil ɗinsa. Baƙin mai ana canza na farko bayan awa 5 zuwa 8, daga nan duk awa 50 zuwa 100 gwargwadon abin da littafinsa ya ce, ko sau ɗaya a shekara ko da awannin ba su cika ba. Fetur yana sha wajen lita 4 zuwa 5 a awa in wuƙaƙe na aiki, na turawa kuwa lita ɗaya ta ishe shi awa guda. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 wannan ya zama abin lissafi, kodayake in aka auna da faɗin filin da kowanne ke sharewa, ba su yi nisa da juna ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne giyar. Kowace tayar baya tana da nata akwatin giya mai aiki da matsin mai: famfo na tura mai, man na juya taya, sanda kuma tana ƙara ko rage yawan man da ke wucewa. Yawancin na gida kamfanin Hydro-Gear ne ke yin su. Mafi arha, wanda ake kira EZT, a rufe yake ruf, ba a tanadar masa wurin canza mai ko matata ba. In ya gaji, sabo ake sawa. Na sama da shi, ZT-2800 da ZT-3100, suna da matata, ana zuba musu mai 20W-50, canjin farko a wajen awa 75, sannan duk awa 400. Ga mai zama a Legas wannan bambancin ya fi launin fenti da laushin kujera muhimmanci nesa ba kusa ba. Kasuwar Ladipo ta kayan mota ce; za a iya dacewa da boris ko bel mai kama, amma akwatin giya ko kulocin lantarkin da ke kunna wuƙaƙe sai an yi oda daga waje, da dala, a jira makonni. Ciyawa kuwa ba ta jira.

Zafi ne ke kashe giyar nan. A saman kowace akwai ƙaramar fanka ta roba, jikinta kuma yana da tsaga-tsaga na sanyaya. Ciyawa da laka suna toshe su, mai ya yi zafi ya tsinke. Alamar ita ce injin ya fara aiki lafiya da safe, bayan minti ashirin ɓangare ɗaya ya yi kasala yana kuka, injin yana jan gefe. Kafin a zargi giya a fara auna iskar taya, domin in ɗaya ta fi ɗaya iska, ita ma tana sa jan gefe da karkataccen yanka. Tayoyin baya ba sa son iska da yawa, yawanci tsakanin 10 da 15 a ma'aunin mai faci, shi kuwa mai faci in ba a faɗa masa ba 30 zai buga kamar ta mota. In an canza man giya dole a fitar da iskar da ta shiga: a ɗaga bayan injin tayoyi su bar ƙasa, a buɗe 'yan sandunan da ke sakin giya, a tada inji a kai sandunan tuƙi gaba da baya a hankali sau biyar ko shida, a rufe, a maimaita, a ƙara mai in ya sauka. 'Yan sandunan nan su ne kuma ake buɗewa in za a tura injin da hannu. Ɗaure shi a bayan mota a ja ba tare da an buɗe su ba yana lalata famfon.

Wuƙaƙe a ƙasa mai yashi ba sa daɗewa. Yashin Lekki yana cin lanƙwasar bayan wuƙa har ta yi siriri kamar takarda ta ɓalle. A wasa su duk awa 20 zuwa 25, a rataya kowace a kan ƙusa ta ramin tsakiya a ga ko ɓangare ɗaya ya fi nauyi, domin wuƙar da ba ta daidaita ba tana girgiza boris har ya mutu. Kaskon kuma a daidaita shi a kan shimfiɗaɗɗen siminti: dama da hagu daidai, gaba ya fi baya sauka da milimita 3 zuwa 6. Ciyawar kafet tana son tsayin santimita 3 zuwa 5, kuma kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawonta a yanka ɗaya. Faffaɗan kasko a ƙasa mai tudu da kwari yana aske tudun har ƙasa. Yawancin farfajiyoyin da aka dasa a kan ɓaraguzan gini haka suke.

Wani abin da dillali ba zai faɗa ba: a ƙaramin gida zama ne ke kashe injin, ba aiki ba. Farfajiyar da ake yankewa sau talatin a shekara, minti goma-goma, awa biyar ke nan a shekara guda. Fetur da ya wuce wata a kabreta yana yin danƙo ya toshe jet, 'yar kafar da mai ke bi. Batir yana mutuwa. Ɓeraye suna shiga ƙarƙashin murfin inji su yi sheƙa su ci waya. Daga nan sai ka ji hirar da aka saba:

"Malam, me ya sami injin nan kuma?"

"Ranka ya daɗe, tun bayan Sallah bai tashi ba. Na kira mai janareta, ya ce batir ne, an sa sabo, yanzu kuma ya ce wayar ƙarƙashin kujera ce."

Wayar ƙarƙashin kujera ita ce makunnin da ke kashe inji in direba ya tashi. Abin da ke biyo baya kusan kullum shi ne a haɗe wayoyin biyu a wuce wurin, injin ya tashi, kowa ya yi murna. Daga ranar, in direba ya faɗo, wuƙaƙe za su ci gaba da juyawa. A sayi sabon makunni, ba shi da tsada.

Kuɗi, tokumbo da na batir

Sabon ziro-ton na gida a Amurka yana kamawa daga wajen dala 3,000 zuwa 5,000, na 'yan kwangila ya ninka haka ko fiye. A ɗora kuɗin jirgi, kwastan da fito daga tashar jirgin ruwa ta Apapa ko Tin Can, a canza zuwa naira a farashin yau. Da kuɗin nan za a sayi injin turawa mai kyau da na rataye a kafaɗa, a biya albashin gadina, wato mai kula da lambu, na tsawon lokaci, a yi saura. Kuma sayen ziro-ton ba ya sallamar gadina. Gefen katanga, gindin bishiya, bakin intalok da kewayen furanni duk suna nan suna jiran na zare ko almakashi ko langa-langa.

Mai son tokumbo ya fara da mitar awa, wadda ke ƙirga awannin da injin ya yi aiki. Na gida da ya haura awa 500 ya ci rabin ƙarfinsa ko fiye, musamman in giyarsa rufaffiya ce. Kada a yarda da gwajin minti biyu a kan siminti. A tuƙa shi minti ashirin har giya ta yi zafi, sannan a sa shi ya hau ɗan tudu a ga ko ɓangarorin biyu suna ja daidai. A kashe shi, a cire makulli, a kama kowace wuƙa a girgiza sama da ƙasa. In tana motsi, boris ya tafi. A leƙa ƙasan kasko da tocila a nemi tsatsa da tsagewa kusa da inda wuƙaƙe ke ɗaure. A rubuta lambar samfurin da ke ƙarƙashin kujera, da ta injin, da ta giya, domin da su ake odar kaya. In za a ɗoro shi, a ɗoro tare da bel biyu na kasko, bel ɗin giya, wuƙaƙe saiti biyu, matatun mai da na iska.

Na batir, irin na EGO da Ryobi da Greenworks, sun kawar da kabreta da baƙin mai da bel, ga shi ba su da ƙara, abin da maƙwabta a rukunin gidaje za su so. Amma wanda aka yi don kasuwar Amurka cajarsa ta wutar 120 ce, tamu kuwa 230 ce, sai an haɗa da taransifoma mai ɗaukar nauyinta, in ba haka ba ta ƙone a sokawar farko. Batirin ba ya son ɗaki mai zafi, kuma in allon lantarkinsa ya samu matsala, mai janareta ba shi da abin yi a kai. Ga gidan da ke da sola mai ƙarfi da fili mai faɗi, abin dubawa ne.

To wa ya dace da shi? Mai gidan gona a Epe ko Ibeju-Lekki ko hanyar Badagry, mai eka ɗaya zuwa sama a shimfiɗe da itatuwa jefi-jefi, domin zagaya gindin bishiya ba tare da ja da baya ba shi ne inda ya fi mai sitiyari nesa. Tsofaffin gidajen Ikoyi da Ikeja GRA da ba a yanka filinsu an yi benaye ba. Makarantu masu filin ƙwallo, filin idi, da rukunin gidajen da ke da dandali na kowa. Sharaɗi shi ne ciyawar ta zama ta ado wadda ake yankewa a kai a kai. Fulotin da aka bari tofa ta kai ƙugu, da kututture da suri a ɓoye, aikin adda ne da na rataye. Ziro-ton in ya shiga zai bar bel ko sandar wuƙa a can. Haka in ana son jan tirela ta taki ko yashi, mai sitiyari ya fi, domin ƙaramar giyar nan ba a yi ta don jan kaya ba.

Akwai kuma hanyar da ta fi kama da Legas: injin ya zama jari. 'Yan Arewa da yawa suna aikin gadina a unguwannin nan, sun san wane gida ke da fili, wace makaranta ke neman mai yanka. Mutum ɗaya da ziro-ton mai giyar da ake canza wa mai, da na turawa, da na zare, da yaran aiki biyu, zai iya riƙe kwangilar rukunin gidaje ko makarantu uku, injin yana yin awa 15 ko 20 a mako maimakon biyar a shekara. Abin da zai fara tanada shi ne yadda zai kai shi wurin aiki, domin ba ya hawa titi kuma ba ya shiga bayan Keke. Sai an sami a-kori-kura ko tirela mai faɗin mita ɗaya da rabi, da katakan hawa biyu masu tsawon aƙalla mita biyu da rabi don kada kasko ya daki baki, kuma a hau da shi da baya, ɓangaren inji yana sama, a ɗaure shi ta kusurwa huɗu kafin a shiga ramukan hanyar Ajah.